Ranar da Aka Yi Gwanjon Iska a Abuja

Ranar Laraba, 17 ga Janairu 2001, wakilan kamfanoni biyar suka hallara a otal ɗin Nicon Hilton da ke Abuja, kowane kamfani ya riga ya ajiye kafin alƙalami na dala miliyan 20. Hajar da suka zo tayawa ba a ganin ta da ido, ba a kuma ɗora ta a sikeli. Izini ne na shekara 15 na amfani da wani zango na iskar Najeriya, a riƙa aika murya ta cikinsa ba tare da an ja waya daga wannan gida zuwa wancan ba. Lasisi huɗu gwamnati ta tanada. Ɗaya an keɓe wa NITEL, kamfanin gwamnatin, bisa sharaɗin zai biya duk abin da gwanjo ya tsaya a kai. Saura uku ke nan, masu so kuma biyar: MTN na Afirka ta Kudu, da Econet na Strive Masiyiwa ɗan Zimbabuwe, da CIL na attajirin nan Mike Adenuga, da MSI na Mo Ibrahim ɗan asalin Sudan, sai wani gungu mai suna United Networks. Farashin farawa dala miliyan 100.

Wanda aka haifa bayan wannan rana da wuya ya gane abin da ya sa aka zuba wa otal ɗin ido. A lokacin ana ƙiyasta mutanen Najeriya kusan miliyan 120, amma layukan tarho masu aiki ba su kai rabin miliyan ba, kuma kaso mai tsoka na ofisoshin gwamnati ne da manyan kamfanonin Legas. NITEL, wanda aka kafa a 1985 bayan an haɗe sashen tarho na P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, shi ne wuƙa shi ne nama. Mai son layi a Kano zai cike fom, ya biya kuɗi, ya yi ta sintiri shekara da shekaru, sai fa in yana da nasa a ciki. In Allah ya sa ya dace, to gidansa ya zama gidan unguwa. Lambar nan mai farawa da 064 za ta shiga hannun duk wanda ke da ɗa a Legas ko ƙane a Jidda. A bugo a ce, "Don Allah a kira mini Hajiya ta gidan baya, zan sake bugowa nan da minti goma," yaro ya kwasa da gudu. Sauran jama'a kuwa sai wasiƙa ta hannun direba a tasha, ko kaset da aka naɗi gaisuwa a ba mai tafiya Makka, ko sanarwar rasuwa a Rediyon Kaduna, wadda sau da yawa kan isa kunnen dangi bayan an yi sadakar uku.

Akwai wayar hannu a lokacin, irin ta tsohon yayi mai lambar 090, amma ta manyan mutane ce, ana riƙe ta ne yadda za a gani. A zamanin Babangida an riƙa jingina wa ministan sadarwa David Mark maganar cewa tarho ba na talaka ba ne. Magoya bayansa sun sha cewa juya masa magana aka yi. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, maganar ta zauna a bakin mutane ne saboda ta yi daidai da abin da suke gani.

Ba wai gwamnatocin soja ba su taɓa motsawa ba. Tun 1992 aka yi doka mai lamba 75 da ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, don a buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Sai dai yadda aka buɗe ta, wanda ya san wani ne ke shiga. An raba lasisi da dama ga kamfanonin da akasarinsu ba su kafa ko turken sabis ɗaya ba. Takarda ce kawai a aljihun tebur, ana jiran ranar da wani Bature zai zo ya saya. Da Obasanjo ya hau mulki a 1999, aka fara da hanyar da aka saba: kwamiti ya zauna, kamfanoni su kawo takardunsu, a duba a zaɓi waɗanda suka fi cancanta. Nan da nan zargin son kai da kamun ƙafa ya cika gari, har shugaban ya soke aikin gaba ɗaya a farkon shekarar 2000. Aka yi wa NCC sabon shugabanci. Alhaji Ahmed Joda, ɗan Adamawa da ya yi aiki a matsayin ɗan jarida a Kamfanin Gaskiya na Zariya kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan sakatarorin zamanin Gowon, shi ya zama shugaban hukumar gudanarwa. Injiniya Ernest Ndukwe, wanda ya fito daga kamfanoni masu zaman kansu, ya zama mai riƙe da aikin yau da kullum. Su suka tsaya a kan cewa gwanjo za a yi, a bainar jama'a, wanda ya fi kuɗi ya ɗauka.

Lokacin bai yi kama da na sayar da irin wannan haja ba. A shekarar 2000 Birtaniya ta yi gwanjon zangon sadarwa ta tara fam biliyan 22 da rabi, Jamus ta tara abin da ya fi haka, kamfanonin Turai suka ci bashi har wuya, hannayen jarinsu suka shiga faɗuwa. Ga kuma sunan da Najeriya ta yi a duniya bayan shekara 15 a hannun soja: ba wuta, ba tabbas a kotu, ga 'yan damfara. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba wanda ya leƙo. Vodacom, babban abokin hamayyar MTN a gida, ya duba lissafinsa ya ce a kai kasuwa. Lissafin masana a lokacin shi ne mutumin da ke samun abin da bai kai dala ɗaya ko biyu a rana ba, ba zai sayi waya ba. Abin da lissafin bai ƙidaya ba shi ne nawa wannan mutumin yake kashewa a kuɗin mota don ya je ya isar da saƙon da bai wuce jimla biyu ba.

Tsarin gwanjon shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin, kuma shi aka fi mantawa da shi. A gwanjon da aka saba, masu saye ne ke faɗin farashi. Amma an riga an ga yadda kamfanoni ke yi wa juna ishara da farashin. A Amurka, a shekarun 1990, an kama wasu suna saka lambar yankin da suke so a ƙarshen alƙaluman tayinsu, wato suna gaya wa abokin hamayya ya bar musu nan su bar masa can. A Jamus a 1999 manyan kamfanoni biyu sun raba zango tsakaninsu ta irin wannan hanya, ba tare da sun ce wa juna uffan ba. Saboda haka NCC da masu ba ta shawara daga Ingila suka ƙwace bakin daga hannun masu saye. Mai gwanjo ne kaɗai ke faɗin farashi. A kowane zagaye zai ƙara, kowane kamfani kuma yana can a nasa ɗaki, ba ya ganin kowa, ba ya jin kowa, amsarsa kawai yana ciki ko ya fita. Wanda ya fita ba ya dawowa. Za a yi ta hawa har sai masu cewa suna ciki sun ragu zuwa uku. Biyu daga cikin waɗanda suka tsara shi, Chris Doyle da Paul McShane, sun rubuta daga baya cewa shi ne karo na farko a duniya da aka sayar da zangon sadarwa ta wannan hanya. Ƙasar da ake yi wa kallon hedikwatar cuwa-cuwa ita ta fara gwada shi, kuma dalilin da ya sa ta gwada shi ke nan: ta san halin 'ya'yanta da baƙinta.

Kwana uku aka yi ana hawa. Aka wuce miliyan 150, aka wuce 200, 'yan jarida na ta aika alƙaluma, mutane na mamakin wai duk wannan a kan tarho ne. MSI da United Networks suka janye. Ranar Juma'a, 19 ga Janairu, farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi, sama da naira biliyan 30 a canjin wancan lokaci. MTN, Econet da CIL suka yi nasara. A Johannesburg masu hannun jari ba su yi murna ba. Da yawa sun ɗauka MTN ya jefa kuɗinsa a rijiya.

Daga nan labarin ya karkata. An ba waɗanda suka yi nasara wa'adi zuwa 9 ga Fabrairu su cika sauran dala miliyan 265. MTN ya biya, tare da abokan hulɗarsa na gida irin su Pascal Dozie da Kanar Sani Bello, tsohon gwamnan soja na Jihar Kano. Econet ya haɗa nasa da kyar daga bankuna da attajirai da gwamnatocin jihohin Legas, Delta da Akwa Ibom. Masiyiwa dai ya saba da wahala: sai da ya yi kusan shekara biyar yana shari'a da gwamnatin Mugabe kafin a bar shi ya kafa kamfanin waya a ƙasarsa. CIL ne ya tsaya. Zangon da ya faɗo masa akwai rigima a kansa, domin wani kamfani mai suna Motophone, wanda ya samu lasisi a zamanin soja, yana kotu yana cewa nasa ne. Ɓangaren Adenuga suka ce kuɗinsu na nan a shirye, tabbaci kawai suke so cewa ba za su sayi shari'a ba. NCC ta ce ƙa'idar gwanjo ba ta san biya da sharaɗi ba. Wa'adi ya cika, aka soke nasarar CIL, dala miliyan 20 ta kafin alƙalami ta tafi.

An yi ta ce-ce-ku-ce. Ga kamfani ɗaya tilo da ɗan ƙasa ke jagoranta, an kore shi an bar baƙi. Ni dai a ganina hukumar ta yi daidai. Da ta ɗaga wa Adenuga ƙafa na mako ɗaya, da duk wanda ke kallo daga waje ya ce ai daman mun faɗa, ƙa'ida a Najeriya ta marar gata ce. Amincin da gwanjon ya jawo wa ƙasar, wanda ya sa bankunan duniya suka yarda suka ba kamfanonin bashin gina turaku, a wannan rana ta 9 ga Fabrairu aka tabbatar da shi. Amma daidai ɗin nan talaka ne ya biya kuɗinsa. An tsara kasuwa ta mutum huɗu, sai ga ta ta koma ta mutum biyu, domin layin NITEL mai lambar 0804 bai taɓa zama abin tsoro ga kowa ba. Ga shi kuma gwamnati ta yi alƙawarin shekara biyar ba za ta ƙara yawan lasisin ba.

A watan Agusta 2001 Econet da MTN suka fara sayar da layi, 0802 da 0803. Layin kaɗai, ba waya, yakan kai naira 20,000, a hannun 'yan bumburutu ma ya fi haka. A lokacin mafi ƙarancin albashi a jihohi naira 5,500 ne. Kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, kuma minti ake lissafawa ko da sakan biyar ka yi. Ka buga, a ɗauka, kafin ka gama sallama layi ya yanke, hamsin ta tafi. Ka sake bugawa, wata hamsin. Katin da ka saka yana da kwanakinsa, in sun ƙare ba ka sake sakawa ba a rufe maka kira. Albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, in ya juye shi duka a kati, bai kai hirar awa biyu ba.

Duk da haka mutane suka yi dafifi. Sharaɗin lasisi ya ce kowane kamfani ya haɗa layi 100,000 a shekarar farko, miliyan ɗaya da rabi cikin shekara biyar. Aka wuce wannan lissafi tun ba a je ko'ina ba, har ta kai MTN na dakatar da sayar da sabon layi saboda turakunsa sun cika. Waɗanda suka ce talaka ba zai iya ba sun manta cewa ba dole sai kowa ya mallaki waya ba. Mace ko saurayi ya samu lema da teburi da kujera a bakin titi, ya ajiye waya ɗaya, unguwa guda ta riƙa kira ana biyansa. Aka ƙirƙiro filashin: ka buga sau ɗaya ka katse, wanda ya fi ka ƙarfi ya biyo ka. Har ma'ana aka ba shi tsakanin mutane, ɗaya na nufin na iso, biyu na nufin fito ina waje. Ba injiniyan da ya zana wannan a Turai.

A yi wa kamfanonin adalci, ba a kan shimfiɗa suka sauka ba. Sun zo da zaton za su hau kan layukan NITEL su haɗa gari da gari, suka tarar babu abin hawa. Sai da MTN ya gina nasa hanyar ta turaku masu miƙa wa juna saƙo, tsawon fiye da kilomita 3,000, aka ƙaddamar da ita a 2003. Kowane turke sai an ajiye masa janareta, sau da yawa biyu, da tankin gas, da maigadi, domin wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Kamfanin waya ya zama kamfanin wuta da na dakon mai da na tsaro a lokaci guda. Wannan duk gaskiya ne. Amma da jama'a suka ce to a riƙa cajin su daidai sakan ɗin da suka yi magana, sai kamfanonin biyu suka ce wannan ba zai yiwu ba tukuna, na'urori ba za su ɗauka ba, sai nan da wasu shekaru. Majalisa ta yi magana, jaridu suka yi, NCC ta yi ta lallashi. Amsar ba ta sauya ba.

Shi kuwa Adenuga bai koma gida ya zauna ba. A watan Agusta 2002 gwamnati ta fitar da wani lasisin daban, na babban kamfanin sadarwa na ƙasa na biyu, wanda zai yi gogayya da NITEL a komai: wayar hannu, da ta gida, da manyan layukan da ke haɗa jihohi, da ƙofar kiran ƙasashen waje. A cikinsa aka saka gurbin wayar hannun nan da ya rage. Adenuga ya dawo da sabon suna, Globacom, wato Glo, ya ɗauke shi a kan dala miliyan 200. Wato ya samu abin da ya fi na farko yawa a farashin da bai kai na farko ba, ko da an haɗa da miliyan 20 da ya yi asara. Ranar 29 ga Agusta 2003 layin 0805 ya fara aiki, kuma tun ranar farko da lissafin sakan-sakan ya zo, abin nan da aka ce na'ura ba za ta iya ba.

Mako uku bayan haka, ranar Juma'a 19 ga Satumba 2003, aka yi wani abu da ba a taɓa gani ba. Ƙungiyoyin masu amfani da waya suka yi kira da kowa ya kashe wayarsa na yini guda, don nuna fushi kan tsada da yankewar kira da cajin minti. Saƙon ya yaɗu ta jaridu da rediyo, da kuma ta saƙon tes a kan layukan kamfanonin da ake yi wa boren, suna karɓar kuɗin kowane saƙo. Jama'a da yawa suka amsa. Cikin 'yan watanni Econet da MTN duk suka koma lissafin sakan. Na'urorin da aka ce sai an shekara da shekaru, ashe gyaran 'yan makonni suke jira.

An daɗe ana gardamar wanne ne ya karya su, boren ko Glo. Ina ganin boren ya ba su kunya, amma kunya ba ta taɓa sauke farashi ita kaɗai ba. Mutumin da ya kashe wayarsa ranar Juma'a zai kunna ta ranar Asabar, kamfani ya san da haka. Abin da kamfani bai iya jurewa ba shi ne ya kunna ta da layin wani. Uwargidan da ta shekara biyu tana kawo tuwo a makare tana cewa itace ne ɗanye, ranar da aka ɗaura auren amarya sai ga tuwo tun kafin magariba. Daga nan farashin layi ya shiga gangarowa, daga dubbai zuwa ɗaruruwa, har aka zo lokacin da ake tare mutum a bakin kasuwa ana roƙonsa ya karɓa kyauta. Aka shiga gasar garaɓasa, ciki har da kiran dare kyauta, wanda iyaye da malaman makaranta na wancan zamani ba za su manta da shi ba, saboda yadda samari da 'yan mata suka riƙa wayar gari da jajayen idanu.

A shekarar 2003 ɗin ce kuma majalisa ta yi sabuwar dokar sadarwa da ta ba NCC 'yancin kanta da ikon hukunta kamfani da tsara kuɗin da kamfanoni ke biyan juna in kira ya tsallaka daga wannan layi zuwa wancan. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun farko, kiran Econet daga MTN ya fi kiran Landan wuya, kuma ya fi kiran layi ɗaya tsada. Shi ya sa ɗan kasuwa ke yawo da waya biyu ko uku a aljihun babbar riga. Wani kamfanin China ya lura da wannan, ya shigo da Tecno mai ɗaukar layi biyu, da batir mai daɗewa saboda rashin wuta, har da Hausa a cikin harsunan wayar. Nokia, wadda 3310 ɗinta ta yi sarauta a farkon zamanin, ta yi jinkirin gane abin da ke faruwa. Gazawar tsari ita ta haifi kasuwar, kuma daga ita aka samu dubban masu gyara da masu sayarwa a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja, da masu caji da ƙaramin janareta a kowane ƙauye, da masu tura finafinai da waƙoƙi da wa'azi a memori.

NITEL fa? Nan labarin ba daɗi, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. A 2001 wani kamfani mai suna IILL ya taya shi a kan dala biliyan 1.3, ya ajiye kashi goma cikin ɗari da bashin First Bank, ya kasa cikawa, abin ya ci kujerar shugaban bankin. A 2003 aka damƙa shi ga Pentascope na ƙasar Holan su gudanar, suka bar shi ya fi yadda suka same shi lalacewa. A 2006 Transcorp ya saya, kamfanin da ya riga ya sayi otal ɗin da aka yi gwanjon a cikinsa. A 2009 gwamnati ta ƙwace. Da aka zo sayar da abin da ya rage a ƙarshen 2014, dala miliyan 252 aka samu, da gine-ginensa da layukansa da komai. Bai kai kuɗin lasisi ɗaya na 2001 ba.

Econet kuma rigimar masu hannun jari ta cinye shi. Aka raba gari da Masiyiwa. A 2004 Vodacom, wanda ya ƙi zuwa gwanjo, ya shigo ta taga ya karɓi ragamar kamfanin, bai yi wata uku ba ya fice. Aka koma Vmobile. A 2006 Celtel ya sayi kashi 65 cikin ɗari a kan kusan dala biliyan ɗaya, kuma Celtel ɗin nan ba kowa ba ne illa MSI na Mo Ibrahim da ya sauya suna, wanda ya ga 285 ta yi yawa shekara biyar da suka wuce. Daga nan Zain a 2008, sai Airtel na Indiya a 2010. Mai lambar 0802 yana zaune a shagonsa aka sauya masa uban gida sau biyar. Hannun jarin da Jihar Delta ta zuba ma sai da ya fito a shari'ar tsohon gwamnanta James Ibori a Landan, inda aka ɗaure shi shekara 13 a 2012. MTN da aka yi wa dariya kuwa, cikin 'yan shekaru Najeriya ta zarce Afirka ta Kudu ta zama babbar kasuwarsa.

Da wa'adin shekara biyar ya cika a 2006 aka sake buɗe ƙofa. Masu kuɗin Abu Dhabi suka biya dala miliyan 400, Etisalat ya fara aiki a 2008 da lambar 0809, gasa ta ƙara zafi. Layuka masu aiki suka haura miliyan 100 a 2012. A 2013 aka ba mutum damar ya sauya kamfani ya tafi da lambarsa. A 2015, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Danbatta, NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin rufe layuka sama da miliyan biyar marasa rajista, naira 200,000 kowane layi, a daidai lokacin da masu garkuwa da mutane da 'yan Boko Haram ke amfani da irin waɗannan layuka. Bayan dogon ciniki aka daidaita a biliyan 330, da sharaɗin kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Najeriya, ya kuma shiga a 2019. Hukumar da ta iya ce wa Adenuga a'a a 2001 ta nuna har yanzu tana iya ce wa babba a'a, ko da yake wannan karon an yi ragi.

Sai dai kasuwar da gasa ta gina tana ta tsukewa. Etisalat ya kasa biyan bashin bankuna na dala biliyan 1.2, masu shi suka tafi a 2017, ya koma 9mobile yana ta raguwa. Ƙananan kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone duk sun shuɗe. Da aka tsaurara haɗa layi da lambar ɗan ƙasa a 2024, aka share layukan da ba sa aiki, Glo ya faɗo daga kusan miliyan 60 zuwa kusan miliyan 20. MTN ya riƙe fiye da rabin kasuwa, Airtel kusan sulusi. An kusa komawa mutum biyu, su ne kuma biyun farko, 0803 da 0802.

A watan Janairu 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin ninki suka nema, suna kafa hujja da faɗuwar naira da tsadar gas, kuma hujjar tana da ƙarfi: an fi shekara goma ba a taɓa farashin ba, ko bayan ƙarin ma minti ɗaya bai kai naira 20 ba, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai sayi hirar fiye da awa 50. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta ce ba ta yarda ba, ta umarci ma'aikata su riƙa ƙaurace wa layukan MTN da Airtel da Glo daga ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana. Wannan karon har da Glo a cikin waɗanda ake yi wa boren, domin kamfanonin a ƙarƙashin ƙungiyarsu guda suka shigar da buƙatar, ba kuma wani sabon shiga mai yunwar kwastoma da ke tsaye a bakin ƙofa. Sabon farashi ya fara aiki a watan Fabrairu.